Tankin da Ya Ƙi Cika

Jama'a, yau saura ƙiris kunnena ya rabu da kaina!

Kawu Sale direba zai kai baƙi garin Ɗa'if gobe. Ya ce in cika tankin ruwan 'yar tirelar da motarsa ke ja kafin azahar, in ba haka ba a tafi ba ni. Na yi ta jido ruwa. Garwa goma, tanki shiru! Ashirin, shiru! Na ce wallahi aljani ne a ciki yake shanyewa.

Da na zagaya baya, ashe ban rufe famfon ƙasa ba! Wasu alhazai da suka tako daga Jidda sun jeru a bakin famfon, kowa da ƙoƙonsa. Sun ɗauka ruwan sadaka ne.

Sai ga Kawu, hannunsa ya nufo kunnena. Caraf wata tsohuwa cikinsu ta riƙe hannun, ta ce masa: "Kai ne mai ruwan? Allah ya shayar da kai a Aljanna, ɗana!"

Kawu ya yi tsuru-tsuru. "Amin, Hajiya." Ya harare ni, ya sunkuci garwa. "Yalla, maza, ɗan banza, mu je mu ɗebo tare."

Alhamdu lillahi! Allah ya saka wa tsohuwar nan. Gobe sai Ɗa'if, da kunnuwana biyu!