Muryar Biro a Gindin Gawo

Aikin gona aka ɗauke ni in yi a Tasawa. Noma na karanta a jami'a, kuma ƙungiyar da ta ɗauke ni ƙarama ce, tana ba manoman gero da wake iri da shawara a wasu ƙauyukan Tasawa da Mayahi. Ranar da na fara, shugabar biro, wato ofishinmu, wadda kowa ke kira Madam, ta ce in yi haƙuri in zauna a biro tukuna. In damana ta matso za a ba ni moto, wato babur, da ƙauyukan yankin Korgom, don dattijon da ke riƙe da su ya ce gwiwoyinsa sun gaji, zai ajiye. Wannan alkawari shi ne abin da na riƙe. Amma ta ce kafin nan akwai wani ɗan aiki da zan kawar mata, wanda ba zai ci mini lokaci ba.

Masu ba mu tallafi daga Yamai ne suka koka cewa ba su ganin yadda aikinmu ke tafiya. Ina jin suna da gaskiya. Duk maganarmu tana cikin gurup ɗaya na manhajar hira da kowa ke da ita a waya, inda sanarwar taro ke nutsewa tsakanin barka da Juma'a, hoton jariri da wa'azi. Suna so mu koma wata manhaja ta aiki, inda kowace magana ke da ɗakinta, kuma su ma su iya leƙowa.

"Kai ne sabon fitowa daga lakkwal," in ji Madam. "Kanka bai yi tsatsa ba. Ka duba ka zaɓo mana."

Na ce mata ba fannina ba ne. Ta ce ai na iya ordinatar, wato kwamfuta, shi ke nan.

Ni mutum ne mai tsoron kuskure, don haka na ɗauki abin da nauyi, wataƙila fiye da yadda ya kamata. Na sauke manhajoji da dama a wayata har ta fara zafi tana kashe kanta. Wata tana da kyau amma tana shan mega kamar rairayi da ruwa. Wata ba ta da nauyi amma babu Faransanci a cikinta. Wata sai kana da adireshin imel, alhali rabin ma'aikatanmu na ƙauye sun manta kalmar sirrin nasu tun ranar da aka buɗe musu. Na yi ta kiran su ɗaya bayan ɗaya ina tambayar abin da suke so. Wadda ke Isawan ta ce ita dai rezo take so, don sai ta hau tudu take samun saƙo, kuma ranar kasuwa wayar tana wuni a wurin mai caji. Na Atantane ya ce duk wadda na zaɓa daidai ce. Mai kula da magazan ɗinmu, inda muke ajiye buhunan iri, mutum mai barkwanci da ba ya iya riƙe bakinsa, ya ce, "Injiniya, ka samo wadda za ta riƙa ɗaukar buhu, ita nike so."

Babu wanda ya ce a'a, babu kuma wanda ya gaya mini abin da zan yi aiki da shi.

Sai na roƙi dattijon Korgom ya tafi da ni wata rana in ga yadda yake amfani da waya a wurin aiki. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗana. Ya goya ni a motonsa, muka bi yashi har wani ƙauye da ke gaba da Korgom. Ƴan kwamitin manoma suna jiran mu a gindin wani gawo, maza a tabarma ɗaya, mata a wata. Bayan gaisuwa Baba ya sa aka kawo kwanon sha wanda babu kome a ciki, ya jefa wayarsa ciki, ya danna. Muryar Madam ta fito da ƙarfi, kwanon yana ƙara mata amo. Ta gaishe su, ta tambayi gida da yara da dabbobi, su kuma suna amsawa, "Lahiya lau, lahiya lau," kamar tana zaune a gabansu. Sannan ta faɗi abin da ke tafe.

A hanyar komowa na tambaye shi me ya sa ba ya faɗa musu da bakinsa kawai.

"In na faɗa, zancena ne," ya ce. "In sunka ji ta, biro ce ta yi magana. Ko ranar taro ce aka canza, ba su motsawa sai sun ji murya."

Na ji daɗin wannan tafiya ƙwarai. Na ga gonakin da nake sa ran za su zama nawa, na taɓa ƙasarsu, har na fara tunanin inda zan gwada wake tsakanin gero. Na kuma dawo da sharaɗi ɗaya tabbatacce: kowace manhaja zan zaɓa, dole ta iya ɗaukar saƙon murya.

A ƙarshe na tsayar da wata. Ban ce ita ce mafi kyau ba, na ce mu gwada ta tukuna. Aka kira kowa Tasawa, na sa musu ita a waya, na buɗe wa kowane yanki ɗakinsa: Korgom, Isawan, Atantane. Mutane suna ta ɗari-ɗari da ita, ba wanda ke son ya fara magana. Don in kwantar musu da hankali sai na ce wannan ba kamar tsohon gurup ba ne, inda ƙanen wani da direban da ya bar aiki tun bara duk suna ciki. Nan ɗakinmu ne, ma'aikata kawai, kowa ya saki jiki. Gaskiya na faɗa, kuma har yanzu ina ganin gaskiya ce. Babu baƙo ko ɗaya a ciki.

A tsohon gurup, ba tare da an taɓa kafa doka ba, kowa ya san duk abin da aka faɗa da murya yana iya ƙarewa cikin kwano a gindin itace. Saboda haka ana tauna magana. Mai son yin ƙorafi sai ya kira mutum shi kaɗai. A sabon wurin kuwa, an gaya musu gida ne.

Gwajin ya ɗan tafi daidai na wani lokaci, duk da ni ne nake ta bin mutane ina tuna musu su buɗe. Zafi ya tsananta, gajimare ya fara taruwa ta gabas da yamma yana watsewa. Ni kuma na sayi hular moto da kuɗina na ajiye a ƙarƙashin tebur.

Wata safiya na iso biro na tarar da Baba zaune a benci a waje, tun kafin a buɗe. Bai saba zuwa Tasawa ba sai an kira. Muka gaisa, gaisuwar ta yi gajarta.

"Ɗana, wanga abu naka, in murya ta ƙare, shi ka ce ma ta gaba ta taso?"

Na ce ina jin haka ne, in suna jere.

"To, ta taso."

Ga abin da ya faru, kamar yadda ya ba mu labari da Madam ta iso. Jiyan nan Madam ta aika saƙon murya a ɗakin Korgom, tana sanar da ranar rabon irin wake. Baba ya ji farkonsa, ya ga na mutanen ƙauye ne, sai ya tara kwamiti, ya sa waya a kwano kamar kullum. Bai lura ba cewa kafin ya isa can mai magazan ya amsa wa Madam a ƙarƙashin saƙonta. Muryar Madam na ƙarewa sai ta mai magazan ta biyo, yana dariya. Cewa ya yi mutanen can, in za a ba su iri bana, a haɗa musu da mai da yaji, tunda na bara a tukunya sunka shuka shi.

Bara ruwa ya yi jinkiri a yankin, rumbuna sun ƙare da wuri, kuma gaskiya ne wasu gidaje sun dafa irin sun ba yara. Kowa a ƙauyen ya sani. Ba wanda ke faɗa.

"Na kai hannu in kashe, wayar ta zame cikin kwanon," in ji Baba. "Kafin in kama ta ya gama. Sai shugabar mata ta tashi ta kaɗe zanenta ta ce, ashe haka ake zancenmu a biro. Matan sunka bi ta. Mazan sun tsaya sun yi mini sallama, don kunyata."

Mai magazan yana tsaye a bakin ƙofa, fuskarsa ta canza. Ya ce wallahi wasa yake, kuma shi ma ƙauye ya fito, ya san yunwa. Sannan ya juyo gare ni.

"Injiniya, ba kai ka ce ɗakinmu ne ba? Ba kai ka ce mu saki jiki ba?"

Na ce na faɗa. Na so in ƙara da cewa manhajar ba ta fitar da kome waje ba, hannu ne ya kai ta gindin gawo, kuma tsohuwar ma haka take jera muryoyi. Amma da na dubi Baba sai na ga in na faɗi haka kamar shi nake ɗora wa laifi, alhali abin da ya saba yi shekara da shekaru ya yi. Raina yana ta tafasa, ban san da wa ba.

Madam ta je ƙauyen da kanta, ta tafi da mai magazan ya ba da haƙuri a gaban kwamiti. Ban je ba, ba a ce in je ba. An ce sun karɓi haƙurin, sun kuma karɓi irin, amma shugabar matan ba ta zo rabon ba, ta aiko wata a madadinta.

Bayan haka aka yi reniyo, taron ma'aikata duka, don a yanke shawara kan manhajar, domin mutanen Yamai suna jiran amsa. Na shirya sosai. Na so in ce mu ci gaba da sabuwar, a buɗe ɗaki ɗaya daban na saƙonnin ƙauye, wanda Madam kaɗai za ta iya magana a ciki. Ina ganin da hakan ya wadatar, ko da yake ba zan rantse ba. Da Madam ta ce, "To, Injiniya, wacce?" sai na fara da cewa kowace tana da amfaninta. Na ce sabuwar ta fi tsari, amma mutanenmu sun fi sabawa da tsohuwar. Na ce Isawan rezo ba ya ɗaukar sabuwar kullum, amma wataƙila abin ya gyaru. Na ce ya danganta. Niyyata in zagayo in kai ga shawarata a ƙarshe, kamar yadda ake yi a rubutun jami'a, a jera kowane ɓangare tukuna.

Ban kai ba. Madam ta ɗaga hannu.

"Na gane. Mu riƙe duka biyu. Murya a tsohuwar, kamar da, kowa ya san bakinsa a can. Sabuwar rubutu kaɗai, da Faransanci, don mutanen Yamai. Kada in sake jin muryar kowa a ciki."

Na Atantane ya ce shi fa a bisa moto yake wuni, ba ya iya tsayawa yana rubuta Faransanci da babban yatsa. Ta Isawan ta ce ita ma haka. Madam ta ce ba matsala, su ci gaba da aiko murya, wani a biro zai saurara ya rubuta ya zuba a sabuwar.

"Wa ke nan?" in ji mai magazan.

Kowa ya juyo ya dube ni. Ba sai an amsa ba.

Da aka watse na bi Madam ofishinta. Na tsaya a gaban tebur na tambaye ta, cikin ladabi iyakar iyawata, zancen Korgom. Ta ce ai na ga abin da ya faru. Mutanen can ransu bai gama hucewa ba, ba lokacin da za a aika musu sabuwar fuska ba ne, ballantana wanda ya kawo abin da ya jawo maganar. Ta roƙi Baba ya ƙara damana ɗaya, ya yarda. Ta ce kuma ba wanda ya san manhajar kamar ni.

"Madam, noma na karanta."

"Na sani. Ba guduwa gonakin za su yi ba."

Na ce to. Na juya na koma teburina.

Haka na yi damanar nan a kujera, da abin saurare a kunne. Da safe muryoyi ke shigowa, wasu da ƙarar iska, wasu da kukan awaki, in saurara, in mayar baya, in sake saurara, in rubuta da Faransanci. Mutanen Yamai sun aiko suna yaba mana, sun ce yanzu suna ganin kome a tsare, har sun tambayi yadda muka yi ma'aikatan ƙauye suka rungumi abin da sauri haka. Madam ta karanta mana saƙon a reniyo, aka tafa. Ban san ko ta ba su amsa ba.

Wajen tsakiyar damana Baba ya aiko wata murya daga gonar wani, yana cewa ganyen wake yana nannaɗewa, akwai wasu ƙananan ƙwari baƙaƙe manne a ƙarƙashinsa, tururuwa na hawa da sauka. Ya ce a tambayo masa masana a Yamai. Ina jin na san ko mene ne tun kafin ya gama, ɗarɓa ce, kuma na san abin da ake yi mata. Amma ban ga ganyen da idona ba, kuma ba ni aka tambaya ba. Na rubuta tambayar kamar yadda ya faɗe ta, na zuba a ɗakin Korgom. Sannan na fita bayan biro na kira shi da wayata, na ce ya sake juya ganyen ya gaya mini abin da ya gani.