Ranar da Ruwa Ya Ritsa da Mu a Gindin Kanya

Wata Laraba ce a tsakiyar marka, shekara ta huɗu ko ta biyar da shigowar Nasara ƙasar Katsina, ina 'yar shekara takwas, na farka na ga hasken rana a bangon ɗakin kakata. Kwana tara ke nan rabonmu da shi. A ƙauyenmu da ke kusa da Wurma ruwa ya yi ta zuba da tsawa da walƙiya, ya ɗauke da hantsi ya dawo da la'asar, har katangu suka jiƙe suka fara zubewa. Itace ya ƙi kamawa, hayaƙi ya cika gida, tabarmi na warin danshi, kwaɗi ba su yin shiru ko da rana. Mu yara ko a jikinmu. Muna zaure muna gina shanun laka, muna yi musu ƙaho da ƙaya.

Mahaifina Malam Sule yakan biya wa yara karatu da sassafe sannan ya wuce gona. Gonar geronsa tana ƙetaren wata korama mai faɗi, wadda da rani yashi ce zalla, da hannu muke tonawa mu ɗebi ruwa. A damunar nan an kwashe samarin garin, har da yayyena biyu, zuwa aikin hanyar Bature wajen Dutsin-Ma, saboda haka shi kaɗai yake noma. Da rana ta fito, kakata Iya Dije, wadda ta haife shi, ta dama fura ta ce in raka ta mu kai masa.

Da za mu je, ruwan bai wuce idon sawu ba, garai-garai, 'yan kifaye suna tsakurar ƙafata. Sama a kanmu wasai take. Can gabas ne kawai wani baƙin hadari ya tsaya kamar dutse, yana walƙiya ba a jin ƙararsa. Baba ya sha fura, ya dubi hadarin, ya ce kada mu daɗe.

Muna tsakiyar korama a dawowa Iya ta tsaya cak. Na ji wani ruri daga nesa, kamar mata da yawa suna daka a wani gari. Kumfa da 'yan karare suka fara wucewa ta tsakanin ƙafafunmu, ruwan ya yi ja, ya yi sanyi. Ba ta ɗaga murya ba. "Saki ƙwaryar nan, Binta. Riƙe zanena." Gaɓa ta yi mana nisa gaba da baya, sai ta ja ni zuwa wani ɗan tudu a tsakiya inda wata tsohuwar kanya take. Muna taka shi ruwan ya iso, tsayinsa ya kai ƙirjin babba, ko ɗigon ruwan sama kuwa bai sauka a kanmu ba.

Ta ɗora ni a reshe ta ɗaure ni da mayafinta. Ita ba ta iya hawa, sai ta rungume gindin itacen. Abin mamaki, ban tuna na ji tsoro ba. Daga inda nake, duniya ce take tafiya a hankali a gabana cikin hasken rana. Na ga jinkar ɗakin wani tana juyawa, da zakara tsaye a kanta. Na ga turmi, da kabewa da yawa, da geron mutane wanda ya fara fitar da kai, an tumɓuke shi da saiwarsa. Ruwa ya cinye tudun, ya kama gwiwar Iya, ya kai ƙugunta. Ita kuwa labari take ba ni, yadda suna yara suke gudu kan dutse idan mahara sun zo, su kwana uku suna cin gasasshiyar gujiya. In ta ga na dubi ƙasa sai ta tambaye ni me kuma ya wuce, in faɗa mata.

Baba yana gaɓa yana kai da komo, muna ganin bakinsa na motsi, ba mu jin abin da yake faɗa. Sai bayan la'asar wani masunci, Malam Ɗan'azumi, ya shiga daga can sama kwance a kan gorarsa, ya bar ruwa ya kawo shi. Ya ce mutum ɗaya zai iya ɗauka, ya kuma miƙa wa Iya hannu, don ita ce cikin ruwa. Ta girgiza kai. "Ɗauki ɗiyar, Malam. Ni na riga na saba da itacen."

Kafin ya kai ni gaɓa ya koma ya sake gangarowa, rana ta kusa faɗuwa. Da aka fito da ita, sai da Baba ya buɗe mata yatsu ɗaya bayan ɗaya, don sun sandare a lanƙwashe. Rabin geronmu ya tafi, mun ci rama da tafasa har muka gaji a shekarar. Iya ta yi shekara uku a bayan nan, amma ƙafafunta ba su sake kai ta ƙetare ba. Ni na gaji kai furar.

Yanzu an yi gada a wurin. Mota takan wuce da ni kafin in gama gyara zama, jikokina ba su ma san sun ƙetare ruwa ba. Ina yi musu murna, amma nakan so direba ya ɗan sassauta in leƙa. Ban taɓa zama wuri da kwanciyar rai kamar yinin nan ba, da tsohuwa tana tsaye cikin ruwa a ƙarƙashina.