Kobon Kaka Mai Giɓi

A Daudawa, da zarar an idar da sallar magariba, mukan kewaye murhun kakarmu, tana tuƙa tuwo tana ba mu tatsuniya. Akwai wani tsohon kobo da take ɗaurewa a haɓar zaninta, gefensa guda a gutsure kamar jinjirin wata. Marigayi kakanmu ne ya samo shi a kasuwar Yankara ya ba ta.

"Ku matso, ga ta nan ta iso," in ji ta. Wai wani maƙeri ne yake fitar da kuɗi daga fallen tagulla, ɗaya bayan ɗaya. Sai wani kobo ya yi nawa, ya tarar maƙwabcinsa ya riga ya cinye masa gefe. 'Yan'uwansa suka yi masa dariya, suka shiga kasuwa, hannaye suka goge su har suka ɓace. Shi kuwa da kowa ya ƙi, ya zauna gida ya tsufa da mutuncinsa.

Shekarar da na shiga sakandare na miƙe a gaban jikokinta duka, na ce wannan ƙarya ce. Na ce da zarto aka yanke shi, kuma lalata kuɗin hukuma laifi ne, ko da kakanmu ne ya aikata.

Ta juyo ta dube ni. "To, Malam ɗan boko. Mijin nawa ne ɓarawon tagulla? Mi zai yi da ita, ya ƙera maka hankali?" Yara suka fashe da dariya, amma ba ta ƙara kwance haɓar zanin nan a gabanmu ba.

Ina aikin ajiyar takardu a Faskari, bayan rasuwarta da daɗewa, na haɗu da wani mai tara tsofaffin kuɗi. Ya bayyana mini cewa injin da ke huda fallen ƙarfe yakan hau kan ramin da ya riga ya huda, kuɗin ya fito da giɓi tun kafin a buga masa tambari. Shaidarsa, in ji shi, giɓin ba ya da sawun zarto, kuma bakin da ke fuskantarsa yakan fito a shafe. Haka kobonta yake. Na sha shafa wurin da yatsana.

Na tafi Sabuwa takanas na gaya wa yayata, wadda aka yi abin a gabanta. Ba ta ko ɗago kai daga tsintar wake ba.

"Mu ai tun ran nan mun yarda da ita," ta ce. "Kai kaɗai ka jira sai baƙo ya faɗa maka."