Mai Riƙon Hannun Abuna

A Aksum ba wanda bai san Hadgu ba, amma in ka ce a nuna maka Hadgu mai alfadarai sai a yi ta kallon juna. Mai riƙon hannu ake ce masa.

Da can fatauci yake yi, yana kora alfadarai da gishiri. Wani limamin ƙauye ya yi masa baftisma a rafi, ya kuma gaya masa gaskiya: wanka dai ya samu, amma Ruhu Mai Tsarki ba ya sauka sai Abuna ya ɗora wa mutum hannu a ka. Abuna kuwa, wato shugaban limaman majami'a, ɗaya ne tak a duk ƙasar, daga Iskandariya ake aiko shi, in ya mutu sai a yi shekara da shekaru ana jiran jirgin ruwan da zai kawo wani.

Hadgu ya shigo birni ya bi layi. Ashe a makon nan ne ɓarin jikin Abuna na dama ya shanye, hannun ya koma kamar tsumma. Wani dattijon majami'a ya duba layi, ya hango ƙato mai damtse, ya yafito shi.

"Kai, zo ka tallafa wa babanmu."

Ya zo. Ya ɗaga hannun, ya aza a kan na farko, ya aza a kan na biyu, yana cewa a ransa in an gama sai ya durƙusa shi ma. Kafin a gama Abuna ya gaji, aka ɗauke shi. Washegari aka ce ina ƙaton jiya, ai ya iya.

Haka aka wayi gari Hadgu ya yi furfura a bayan kujerar Abuna. Shi ke raɗa masa sunan mai durƙuso, shi ke aza hannun, in tsohon ya yi gyangyaɗi a tsakiyar addu'a shi ke ɗan zungurar gwiwar hannunsa ya farka ya ƙarasa. Su wane da wane duk ta hannunsa suka samu. Shi ko fa? Ko ɗigo.

Tun da wuri ya so ya faɗa, kunya ta hana shi. Da aka daɗe kuma sai abin ya koma tsoro. Mutanenmu kun san su da gardamar addini, a kan zare ɗaya sai su raba gari biyu. In suka ji wanda bai karɓi Ruhu ba ne ke ɗaukar hannun, gobe za a ce duk kawunan nan a banza aka taɓa su.

Matarsa Mihret kaɗai ta sani, ita kuwa ba ta raga masa.

"Inuwar giginya ke nan, maigida. Na nesa ya sha, kai kana gindi rana na cin ka."

"Gobe zan yi masa magana."

"Goben nan taka ta girmi 'yarmu, ga shi har ta haifi na biyu."

Yakan yi dariya, amma abin na cin sa. Tsoro yake ji ƙwarai kada ya mutu da rabin Kiristanci.

Sai Abuna ya kwanta ciwon da ba a tashi. Wata rana da tsakar rana dattawa suka fita cin gurasa, aka bar Hadgu yana korar ƙuda. Ya dubi ƙofa. Ya dubi hannun nan da ya fi sani fiye da nasa. Ya durƙusa gefen gado, ya ɗauko shi ya aza a kan kansa. Bai taɓa sanin haka yake da rashin nauyi ba.

Abuna ya buɗe ido, idon da ya daɗe ba ya gani.

"Kan wa ke nan?"

"Hadgu ne, Abuna."

"Na san kana nan. Sunan mai kan nake tambaya."

"Hadgu, ranka ya daɗe."

"Takwaranka? To, Allah ya sa ya yi halinka."

Ya fara addu'ar, muryar can ƙasa. Hadgu ya san ta kamar yunwar cikinsa, yana bin ta kalma kalma, yana jiran wurin da ake cewa karɓi Ruhu. Saura kaɗan a kai sai tsohon ya yi shiru. Hadgu ya miƙa yatsa ya zunguri gwiwar hannun kamar kullum. Ya sake zungura. Ya daɗe a durƙushe, har ya ji tafin ya fara sanyi a kan saiƙonsa.

Bayan an yi jana'iza Mihret ta tare shi a soro.

"Ka samu?"

"Hannun dai ya sauka."

"Addu'ar fa?"

"Ta kusa."

Ranar ruwa kawai ta kawo masa.

Ba a yi mako ba ƙofar gidan ta cika da mata da goyo. Wai tunda ba Abuna, ai zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, hannun da ya yi shekaru yana riƙe da wancan ba zai rasa ragowa ba. Ya ce shi ba kowa ba ne, suka ce kun ji tawali'un waliyyai. Ya ce wallahi ba shi da abin ba su, wata ta fashe da kuka saboda daɗin maganar. Da ya rasa yadda zai yi, ya zauna a dakali ya fara taɓa kawunan 'ya'yan mutane.

Wata yarinyar mata, bayan ya shafa kan ɗanta, ta tsaya tana murza bakin zane.

"Baba, don Allah yaya mutum ke ji in Ruhun ya sauka? Ni an ɗora mini ina ƙarama, ban tuna ba."

Hadgu ya dubi jaririn, yana ta tsotsar yatsa abinsa.

"'Yata, ki tambayi ɗanki in ya girma," ya ce. "In ya gaya miki, ki zo ki faɗa mini."