Kubewar Inna a Maamobi

Mun tashi daga Kura da asubar Litinin, ni da wani abokina ɗan kasuwa mai kai takalman fata Accra. Shi ya san hanya, ni kuwa ban taɓa wuce Legas ba. Kayana jaka ɗaya ce, da kilishi, da daddawa, sai wani ɗan ƙullin tsumma a aljihun gaba wanda nake taɓawa minti-minti. Wannan ƙullin shi ya tayar da tafiyar.

Ina da gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda aure ya kai ta Accra fiye da shekara arba'in. Yanzu ciwon gwiwa ya hana ta doguwar tafiya. Duk wayar da muka yi, maganarta ɗaya ce: in kawo mata irin kubewar Inna, kakarmu. Wata gajeriyar kubewa ce mai kauri, mai ja a baki, da matan gidanmu suka ci gaba da shukawa a bayan ɗakin Inna har bayan rasuwarta. Bara waccan aka gina shaguna a wurin. Da na bincika, abin da ya rage a gidan gaba ɗaya shi ne ƙullin nan, bai cika tafin hannu ba. Ni da nake noman rani shekara ashirin da biyu ban taɓa ajiye ko ƙwaya ɗaya ba, irin kamfani nake saya.

Hanyar Legas kun san ta, ba sai na ɓata muku lokaci ba. Abin da zan ce kawai, wanda ya ci kifin Lokoja da yaji ya shiga mota, ya shirya wa abin da zai biyo baya. Daga Legas muka tsallaka Seme, muka ratsa Kwatano inda 'yan acaɓa ke sanye da riguna masu ruwan ɗorawa, ga fetur a manyan kwalabe a bakin titi. A can na canza kuɗi, na miƙa damin naira, aka miƙo min 'yan takardu da ba su ko ɗaga aljihu ba. Na tsaya ina jiran ciko, abokina ya ja hannuna ya ce shi ke nan fa.

A Lome na ga teku ido da ido. Ruwa iya ganinka, amma ba zai raya maka albasa ɗaya ba. Abin da ya ɗaure min kai shi ne lambunan da na gani a kan yashi tsantsa, dab da bakin ruwan, karas da albasa sun yi shar. Na ce a raina lallai akwai manoma a duniya, amma dai ba su kai mu ba. Da wannan girman kan na tsallaka Aflao na shiga Ghana.

Mun sauka a tashar Circle ta Accra da rana tsaka ranar Laraba. Abokina ya saka ni a trotro, wato ƙaramar motar haya, ya wuce harkarsa. Tun daga unguwar Nima na fara jin abin mamaki: Hausa ta ko'ina, mai nama, mai tela, mai sayar da goro, amma wata Hausa ce mai sauri wadda ake cakuɗa ta da Turanci da yaren ƙasar. Na sauka a Maamobi, unguwar su Gwaggo, na bi wani lungu da mutum biyu ba sa jerawa, ina tsallake kwata, har na iso gidan.

Gida ne na haya, ɗakuna a kewaye, iyali sun kai goma, tsakar gidan siminti. Gwaggo na zaune a kan kujera. Sunan mahaifinta aka sa min, don haka ba ta kiran sunana.

"Babana! Kai ne ka yi furfura haka?"

Ko gaisuwa ba mu gama ba ta miƙo hannu. Ta kwance ƙullin, ta kai hancinta, ta daɗe a haka. Da ta ɗago, idonta ya cika da hawaye. Ta ce ƙamshin ɗakin Inna ne. Ni ma sai da na kawar da kai.

Abinci dai na ci shi, ba ƙarya. Da safe koko mai kanumfari da citta wanda ke ƙona maƙogwaro, da ƙosai. Da rana wake da shinkafa da suke kira wace, an jibga masa taliya da garin rogo da ƙwai da wani baƙin yaji mai suna shito, duk a kwano ɗaya. Na ce wannan ai taron dangi ne, amma na sharce kwanon. Da yamma tuwon zafi da miyar ayoyo, wadda da na ɗanɗana na gane lalo ce ta canza suna.

Ruwa ne ya fara ba ni tsoro. A ƙofar kowane ɗaki akwai jarkoki jere, wasu har da igiya an ɗaure su. Famfon gidan ba kullum yake zuwa ba, ranar da ya zo sai a tara na kwanaki. In ya ƙare sai a saya a wajen masu tanki, jarka-jarka. Ruwan wankan da aka kawo min rabin bokiti ne, na ɗauka na wanke ƙafa ne. Mu da muke buɗe ruwan dam ya wuni yana malala a gona, wannan abu ya yi min nauyi a kai.

A jikin bangon ɗakin Gwaggo akwai buhuna biyar cike da ƙasa, an jera su a kan duwatsu. Ta ce wata guda ke nan ta tanade su saboda kubewar. Amma ba za a shuka ba sai Asabar, ranar da suke zuwa ajin lambu wajen Hajiya Memuna, ita za ta nuna yadda za a yi. Na tambaya wace ce Hajiya Memuna, ma'aikaciyar gona ce? Ta ce a'a, mai sayar da wace ce, wake da shinkafar nan, a bakin titi. Wallahi raina ya sosu. Ni da nake loda motar tumatir zuwa kudu, a ce in jira mai sayar da shinkafa ta koya min shuka kubewa?

Ranar Juma'a da safe 'yar Gwaggo ta kai ta asibiti duba gwiwa. Na ce bari in yi mata bazata. Na ɗauko ƙullin, na watsa irin a buhunan nan duka, na rufe da 'yar ƙasa sama-sama. Sannan na yi abin da hannuna ya saba, wato ban-ruwa irin namu, wanda sai kwamin shuka ya cika ruwa ya kwanta ake cewa an yi. Na kinkimi jarka na tuttula. Na ga ruwan ya zurare, na ƙara ta biyu, na ƙara ta uku.

Abin da ban lura da shi ba, ƙasar ba irin tamu ba ce mai danƙo. Haɗi ne na kashin kaji da ɓawon kwakwa da garin gawayi, ba ta da nauyi ko kaɗan. Saman ƙasar ya taso ya yi ambaliya ta bakin buhu. Ina tsaye ina kallo irin Inna ya bi ruwa a kan siminti, ya nufi rariya, ya faɗa babbar kwatar lungu. Na bi shi da gudu, na durƙusa na zura hannu, babu. Wanda ya maƙale a hanya kajin gidan suka riga ni.

Wata maƙwabciya ta fito ta ɗora hannu a ka.

"Ei, Alhaji! Ka kashe mu kraa, gaba ɗaya! Ruwan kwana uku ne wannan!"

Ruwa dai na je na sayo, na yi sawu uku ina ɗauko jarka a kafaɗa, matan lungu suna yi min sannu suna ƙunshe dariya. Iri kuwa babu inda ake sayar da shi. Na tona buhunan da yatsu har ƙasa, ban samu komai ba.

Da Gwaggo ta dawo ta dubi simintin, ta dubi buhunan, ta dubi laka a gwiwar wandona.

"Babana, duka ka shuka?"

Na ce duka. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki tsumman da na yar, ta ninke, ta ɗaure a bakin zaninta, ta shiga ɗaki. Ranar nan tuwon bai wuce min ba.

Asabar da hantsi ta ce in riƙe mata hannu mu je ajin. Ban so ba, amma ba ni da bakin ƙi. A farfajiyar wata makarantar Islamiyya ake yi, kuma tun daga ƙofa na saki baki. Wurin bai fi ɗaki uku girma ba, amma ga alayyahu a tsofaffin tayoyi, ga attarugu a bokitan fenti, ga lalo a robobin da aka rataye a bango, ga yakuwa a buhu tana fitowa har ta gefe. Komai kore shar, kuma ƙasan wurin a bushe, ko digo babu. Mutum kusan ashirin ne a kan benci: matan aure, 'yan mata masu dako a kasuwa, wani tsohon direba, da wani Bazabarme mai sayar da yadi.

Hajiya Memuna gajeriya ce, 'yar asalin arewacin Ghana, muryarta ta fi jikinta. Ta nuna mana wata ganga a bayan wurin alwala. Duk ruwan da ɗalibai da masallata suka yi alwala da shi, ta bututu yake bi ya taru a ciki, kuma da shi lambun nan yake rayuwa. Ita kuma tana kawo ruwan wankin shinkafarta kullum. Ruwan sabulu ba a zubawa kai tsaye. Ta nuna yadda ake huda murfin robar ruwa da allura a kifa ta a gindin shuka ta wuni tana ɗiga, da yadda ake rufe ƙasa da ɓawon kwakwa don kada rana ta shanye danshi. Ta ce kafin ka ba da ruwa, ka tsoma yatsa zuwa gaɓa ta biyu. In ka ji sanyi, ka ajiye butarka. Buhu biyar, buta ɗaya, safe ko yamma. Na tuna jarka ukun da na tuttula, na sunkuyar da kai.

Ashe labarina ya riga ni zuwa. Ta dube ni ta ce, "Alhaji, kai ne babban manomi daga Kano da ya ba kwata ruwa?" Aji ya tuntsire da dariya, har tsohon direban yana share hawaye. Gwaggo ce kaɗai ba ta yi ba. Hajiya Memuna ta lura, ta matso kusa da ita ta sassauta murya.

"Mma, ina tsumman da iri ya zo ciki?"

Gwaggo ta kwance bakin zani ta miƙa mata. Hajiya Memuna ta ɗaga shi a rana, ta bi gefensa da yatsa. Tsohon ƙyallen zani ne mai kalmasa, ɗinkin ya saki a wani wuri. Ta ciro fil daga ɗankwalinta ta farke ɗinkin a kan faranti. Muka ji ƙwas, ƙwas. Ƙwaya bakwai. Ta ce su da suke ajiye iri a tsumma ba sa yar da shi sai sun bincike gefe. Wallahi ban san lokacin da na yi kabbara da ƙarfi ba.

Na ɗauka za ta hana ni taɓawa. Sai ta ce a jiƙa su zuwa yamma, kuma ni zan shuka da hannuna. Da la'asar ta zo gidan da kanta ta tsaya a kaina. Na gyara buhunan, na huda rami da yatsa, na saka, na rufe, na shimfiɗa ɓawon kwakwa. Ta miƙo min buta ɗaya ta ruwan alwalar Gwaggo. Na zuba a hankali kamar ranar da na fara riƙe fartanya. Na ce ko in ɗan ƙara? Mutanen gidan gaba ɗaya suka haɗa baki suka ce a'a.

Ranar Talata muka juyo ni da abokina, buhunan ba su nuna komai ba. Ban ga teku ba a dawowa, ban ji daɗin kifin Lokoja ba, wayata kawai nake dubawa. Mun iso Kura ranar Alhamis da yamma. Na wuce masallacin unguwarmu na ga ruwan alwala yana malala kan hanya ya yi caɓi, abin da nake tsallakewa kullum ban taɓa gani ba. Washegari na kai tsohon baho na tara a wurin. Har yanzu ana yi min tsiya, wai na je Ghana na dawo da rowar ruwa.

Na tafi da tunanin ni ne mai sani, na dawo na gane yawan ruwa ne ya daɗe yana rufa min asiri. Abin da aka gada a gidanmu na kusa ƙarar da shi da jarka uku, wadda ta cece shi kuwa da fil ɗin ɗankwali ta yi.

Jiya 'yar Gwaggo ta turo hoto: huɗu sun tsiro, kowanne da ganye biyu. Ga muryar Gwaggo a ƙasa.

"Babana, in ta yi 'ya'ya, na farko ba zan ci ba. Zan bar shi ya bushe in aiko maka, ka mayar wa Inna kubewarta gida. Amma buta ɗaya fa."

Na riga na cika buhu biyar a bayan ɗakina, ina jiran iri daga Maamobi.