Gammo a Cikin Kwazazzabo

Ku matso kusa ku ji, don a unguwarmu ta Lozells, nan ƙasar Turawa, ko tari ka yi, maƙwabciya za ta ce maka sannu ta cikin bango.

Ni ba mai fita ba ce. Daga kicin sai shagon nama, sai wurin likita idan gwiwa ta matsa. Amma Allah Ya ba ni 'ya mai ƙafar yawo. Tana karatun duwatsu a Manchester, ta dawo hutu goye da wata doguwar jaka kamar ta goya ƙaton yaro, ta ce ita da 'yan ajinsu za su tafi kanyon, a wata hamada can ƙasar Larabawa.

Na ce, "Kanya? Jirgi za ki hau ki je shan kanya?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta nuna min hoto. Ƙasa ce ta tsage, rami mai zurfi tsakanin jajayen duwatsu, ba gida ba rijiya. Za su gangara ta wannan baki, su yi kwanaki suna tafiya a ciki, kowa da ruwansa da abincinsa a baya, su ɓulla ta wancan. Na ce ai sunansa kwazazzabo. Ta gwada faɗa, harshen ya sarƙe.

Babanta ya ce sai abin da yayarsa Hajiya ta ce. Ita kuwa Hajiya ba ta tashi magana ba sai a wurin wani suna da aka ja ni a unguwar Edgbaston, falo cike da mata.

"Amarya," ta ce, don har 'yata ta girma ban wuce amarya a bakinta ba, "na ji 'yarki za ta yi dakon jaka ta shiga rami. Wannan aikin Turawa ne da suka ƙoshi. Mu Hausawa ba mu gaji haka ba."

Ban yi boko mai nisa ba, amma kunnena ba ya zubar da magana. Na ajiye farantina.

"Yaya Hajiya, a jirgi kakanninmu suka sauka Kumasi? Kakata da bakinta ta faɗa min, daga Kano ta tako cikin ayarin fatake, kanwa a ka, goyo a baya. In ba mu gaji tafiya ba, me muka gada?"

Hajiya ta dube ni sama da ƙasa.

"In ta faɗi a can fa?"

"A wuyana."

Da maganar ta kai kunnen babanta, sai ya ce tunda na ɗauka, to. Ana gobe tafiya na buɗe akwatina. Na yagi gefen wani tsohon zane, na naɗa gammo, na cusa a jakar tare da garin rogo da ƙuli-ƙuli.

"Mum, ba wanda yake ɗaukar kaya a ka," ta ce da guntuwar Hausarta.

"Bar shi. Ba ya cin abinci."

Waya ba ta shiga ramin nan. Kullum Hajiya sai ta bugo: "Amarya, an ji labari?" In ce, "Lafiyarta ƙalau." Ban san komai ba. In ajiye wayar, in shimfiɗa darduma.

'Yata ta dawo a rame, leɓe a tsattsage, kafaɗa duk ta saɓule. Tana cin tuwo tana ba ni labari: yadda rana ba ta leƙa ƙasan ramin sai tsaka, yadda suke auna ruwa da murfin gora. A hawan fita, igiyar jakar ta tsinke. Aka ɗaura, ta sake tsinkewa. Sauran suka ce su raba kayanta, ta ƙi. Ta zaro gammon, ta ɗora jakar a ka. Jakar ta yi ta zamewa tana faɗuwa, ita tana ɗauka, har suka fito. Wata 'yar ajinsu ta ɗauke ta hoto.

Ni da ba na fita, ranar na yafa gyale na hau bas har gidan Hajiya. Na miƙa mata hoton. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo.

"Wuyanta a karkace yake," ta ce. "Ba ki koya mata ba. Turo min ita in nuna mata yadda ake yi."

To ku faɗa min, yarinyar da kakar uwarta ta tako daga Kano zuwa Kumasi, wane rami ne zai ce mata ba gadonta ba ne?