Takardar Ragon Inna

A gidanmu na unguwar Hindawiyya a Jidda ni ne na fara samun takarda mai hoto da hatimi. Na biyu rago ne.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta shekara ashirin da bakwai a Jidda ba ta da ko guntun kati. Aikin hajji suka zo da Baba, aka gama, jirgi ya tashi, su ba su tashi ba. Tun daga nan ba ta taɓa tsayawa gaban teburin ma'aikaci ba, ba ta kuma yarda an ɗauke ta hoto ba, don a ganinta da hoto ake nemo mutum ranar da za a mayar da shi gida. Ko a biki aka fito da kyamara, sai Inna ta tuna ta bar tukunya a wuta. Ni a nan aka haife ni, amma sai da na zama direban wani dattijo a unguwar Abhur, ya tsaya mini a matsayin kafili, wato mai ɗaukar nauyin baƙo a hukumance, sannan na samu iƙama, wato takardar izinin zama. Ranar da na kawo ta gida sai da Inna ta wanke hannu kafin ta taɓa ta.

A shekarar da dish ya fara cika saman gidaje, saura kwana goma Babbar Sallah, Baba ya sayo ragon layya. Irin na Somaliya ne, baƙin kai, farin jiki, da wutsiya kamar matashin kai. Ya haye da shi hawa huɗu zuwa saman bene, inda ake shanya, ya ɗaure shi jikin bututun ruwa. Saura kwana uku Sallah, Baba ya idar da azahar, ya koma kan keken ɗinkinsa, ya kifa kai bai sake ɗagowa ba. Babu wanda ya tuna da rago a Sallar nan. Da na tuna, na ɗauko wuƙa, sai Inna ta dube ni ta ce, "Malam ne ya ɗaure shi." Na mayar da wuƙar inda na ɗauko ta.

Inna ta shiga takaba, ta daina cin abinci. Ƙanwata ta yi tuwo, ta yi fate, ta yi romon kaza, duk a banza. Na yi lallashi, na yi faɗa, don ni ba na rasa faɗa. Sai ta ce ta ƙoshi. Zobenta ya fara zamewa daga yatsa. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don na ga alamar za mu yi rashi biyu a shekara ɗaya.

Wata safiya na hau sama ɗauko rigata, na tarar da ita zaune kan tabarma gaban ragon, da tamis, burodin tanda mai faɗi, a cinyarta. Ta gutsura ta ba shi, ta gutsura ta kai bakinta. Tana yi tana masa faɗa.

"Alhaji, ci a hankali. Wa ke korarka? Kullum sai ka zubar a ƙirji."

Kalma da kalma faɗan da take wa Baba ke nan in yana cin abinci. Na koma da baya a hankali, na zauna a matakala, ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Daga baya na tambaye ta yadda aka yi rago ya zama Alhaji. Ta ce ai ta teku ya zo, ya sauka a tashar Jidda kamar kowa, kuma watan hajji ya same shi a nan. Ban ja da ita ba.

Alhaji ya samu wuri. Ya koyi kwance igiya da haƙori. Ya cinye safar maƙwabta, ya cinye rabin shimagin wani, wato jan rawanin nan na Larabawa, ya sha sabulun wanki ya yi ta atishawa da kumfa. Duk an haƙura saboda Inna. Amma wata la'asar, ana tsakiyar wasan ƙwallo, ya tauna wayar dish ɗin wani Bamisire da ke hawa na uku. Ihun da mutumin nan ya yi, har masu shago a ƙasa sun fito suna tambayar wa ya mutu.

Ranar Alhamis mai gidan hayarmu ya aiko a kira ni. Tsoho ne Balarabe, yakan sa kujera a ƙofar bene ya zauna da carbi yana shan shayi.

"Ya waladi, ɗana," ya ce, "gidan mutane na gina ko turken dabbobi? Sati ɗaya na ba ka. Ko wuƙa, ko kasuwa."

Na ce, "Ya ammi, wallahi ragon nan magani ne. In babu shi, mahaifiyata ba ta cin abinci."

Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. "Magani? Tayyib. To kawo mini takardar likita." Ya kaɗa hannu, alamar an gama.

Yanzu na san abin da yake nufi shi ne in ɓace masa da gani. Amma a lokacin ban ji haka ba. Mu da muka tashi babu takarda ba ma wasa da wannan kalma. In aka ce maka kawo takarda, ƙofa aka buɗe maka, saura kai ka nemo. Na hau sama da sauri na ce wa Inna an samu hanya.

Tunda ni ne mai iƙama a gidan, ni ne masanin takardu, kuma na san babu takardar da ake yi ba tare da hoto shida ba. Saboda haka gidan hoto muka fara nufa. A nan na gano cewa rago yana hawa bene amma ba ya sauka. Ya tsaya bakin matakala ya kafe ƙafafu. Wata biyar yana cin tamis da ganyen barsim, ciyawar da ake sayar wa masu dabbobi, ya yi nauyin buhun shinkafa da ɗoriya. Na saɓa shi a wuya na sauko da shi hawa huɗu, yana tauna mini kwalar riga, Inna na biye da mu tana cewa in yi a hankali kada in wahalar da shi. Ta riga ta fita takaba, amma ranar ce fitarta ta farko daga benen.

Mai hoton ɗan Indiya ne, kuma bai nuna mamaki ba ko kaɗan, kamar kullum raguna yake ɗauka. Ya ce a sa shi gaban farin labule. Alhaji ya juya wa kyamara baya, ya fara cin labulen. Na juyo shi, ya tunkuri fitila. Na riƙe ƙahonsa, hoto ya fito da haƙorana a waje, shi kuma babu kai. Mai hoton ya ce, "Yalla, ya sadik, akwai mutane suna jira." Zufa ta jiƙa ni sharkaf, na fara zagin ragon da Larabci da Hausa.

Inna na tsaye can bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta ce, "Kauce. Ba a yi masa tsawa." Ta matso ta miƙa hannu daga gefe ta tallabo haɓarsa, jikinta duk a wajen labule. Ya tsaya cak. Mai hoton ya leƙa, ya ce ragon ya karkata, sai hajiya ta matso kaɗan. Ta matso. Ya ce kaɗan kuma. Ta durƙusa kusa da shi, ta rungumo wuyansa, tana cewa, "Alhaji, dubi gabanka, kada ka ba mu kunya." Fitila ta haska. Sai da muka fito na lura da abin da ya faru, na kuma kama bakina.

Washegari na ɗauki hayar ƙaramar akori-kura muka tafi wani ɗan asibiti a unguwar Waziriyya, inda aka ce ba sa yawan tambaya. Na so a bar ragon a gida, Inna ta ce ta yaya za a ba da takarda ba a ga mai ita ba. Ita ta zauna gaba, ni da Alhaji a baya muna shan rana.

Likitan dattijo ne mutumin Sudan, da furfura a gashin baki. Da ya ga rago ya leƙo ɗakinsa, ya zaci tukuici muka kawo, har ya fara cewa ai da ba mu wahalar da kanmu ba. Na yi masa bayani. Ya cire tabarau ya goge ido, kafaɗunsa na rawa. Raina ya ɓaci, na ce masa in dariya zai yi, ya faɗa mana mu kama gabanmu.

Ya ce in zauna. Ya ɗora Inna a ma'auni, ya duba idonta, ya ga yadda ta naɗa zare a zobe don kada ya faɗi. Ya tambaye ta me take ci, ina fassarawa.

Ta ce, "Abin da Alhaji ya rage."

Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko biskit ya miƙa mata. Ta ce ta gode, ta ƙoshi. Ya ce to ta ba ragon. Ta karya, ta ba shi rabi, ta jefa rabin a bakinta ba tare da ta sani ba. Likita ya daina dariya. Ya tambaye ni yaushe mai gidanta ya rasu, da wanda ya sayo ragon. Da na faɗa masa, ya jawo takarda mai tambarin asibiti.

"Sunanta?"

Shekara ashirin da bakwai Inna na guje wa wannan tambaya, ga ta zaune gaban tebur, ga biro a hannun mutum. Na buɗe baki zan ƙirƙiro wani suna. Ta dubi ragon, ya kama gefen mayafinta yana tauna. Sai ta gyara zama ta faɗi sunanta, da na mahaifinta, da na kakanta, da garinsu, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai karatu a gaban malami. Ban taɓa jin sunan nan daga bakinta ba.

Likita ya rubuta cewa matar nan tana fama da baƙin cikin rashi, zama da dabbar nan yana taimaka mata ta ci abinci, kuma yana ba da shawara kada a raba su. Ya sa hannu ya miƙo mini. Na duba sama, na duba ƙasa, na mayar masa.

"Duktur, ina hoto? Ina sana'a? Ina kafili? Wannan ai wasiƙa ce."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ga da gaske nake. Ya karɓi hoton ya manna a kusurwa, ya buga hatimi rabi a hoto rabi a takarda, yadda ake yi. Ya ja layi ya rubuta sana'ar rago: abokin cin abinci. Ya ja wani layin ya rubuta kafili, ya sake rubuta sunan Inna. Na ce hatimi ɗaya ya yi kaɗan, ya buga na kwanan wata ya ce in fita kafin ya buga mini a goshi.

A mota Inna ta sa na karanta mata sau uku. A na ukun ta ce, "Wato ni ce kafilinsa?" Na ce haka aka rubuta. Ta ce, "To ka gaya masa, in ya sake cin wayar mutane, ni da kaina zan sa a mayar da shi Somaliya." Ta yi dariya, ta farko tun rasuwar Baba.

Mai gidan haya ya ma manta ya ce a kawo wani abu. Ya karɓi takardar yana tambayar ta mece ce. Ya karanta, ya kai kan sana'a ya fashe da dariya, ya kira Bamisiren ya nuna masa. Sannan ya tsaya kan hoton, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ni na ce a kawo, an kawo. Halas, shi ke nan. A yi masa shinge, a bar shi."

Na yi shingen da katakon kwandon kayan miya, Alhaji ya cinye kashi ɗaya cikin uku. Inna ta sa aka rufe takardar da leda mai ƙarfi, ta ɗaure ta a lalitarta. Ta fara zuwa kasuwa da kanta, kai a sama. Na yi ta gaya mata wannan ba iƙama ba ce, ba za ta fisshe ta a gaban kowa ba. Ta ce ta sani, amma dai da sunanta a ciki. Kafin Sallah ta zagayo ta warware zaren da ke jikin zoben.

Alhaji ya ga Babbar Sallah huɗu daga saman bene, yana leƙen 'yan'uwansa ana wucewa da su, sannan ya mutu da tsufa. Na ji tsoron abin da zai biyo baya, amma Inna ta ci gaba da cin abincinta. Ta shekara bakwai bayansa.

Da ta rasu, muka birkice gidan muna neman hotonta, don dangi a gida sun roƙa. Babu ko ɗaya sai guda biyar ɗin nan da suka rage daga gidan hoto. Ragon na kallon kyamara da mutunci, kamar wanda ya san darajar takarda. Inna kuwa shi take kallo, bakinta a buɗe, tana tsakiyar faɗa. Ƙanwata ta ce a kai wa mai hoto ya yanke ragon, ya ƙara girman fuskar Inna, don kada a yi mana dariya a gida. Na ce su yi dariyar. Ba don shi ba, da Inna ba ta shiga hoton ba, da ma ba ta kai shekarun da ta kai ba. Haka muka aika da su, da rago da komai.